Yadda ake tara tsofaffin sulallan azurfa da farautar shekarun da suka yi wuya

A tsofaffin gidajen Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram, idan aka zazzage adakar kaka ba a cika rasa wani ƙullin tsumma da 'yan sulalla baƙaƙe a ciki ba. Yawancinsu wurin maƙerin fari suke ƙarewa. Ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin nauyi, ya narke ya yi zobe ko awarwaro. Maƙeri bai yi laifi ba, azurfa yake saye, ba shekara ba. Amma a cikin tarin akan sami guda ɗaya da farashinsa ya ninka na azurfarsa sau da yawa, saboda shekarar da ke jikinsa da wani ɗan harafi da ido bai cika kamawa ba. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Abu uku ne ke ba tsohon sulalla daraja: shekararsa, gidan da ya buga shi, da lafiyar jikinsa. Idan ɗaya ya faɗi, sau da yawa abin da ya rage maka nauyin azurfa ne kawai. Tsufa shi kaɗai ba ya sayar da komai.

Mataki na farko: san abin da ya taɓa yawo a ƙasarmu

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwa, babban ciniki kuma da liyari, wato dalar Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda Barebari ke kira gursu. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Nauyin liyari giram 28.07, kashi 833 cikin dubu azurfa ne.

Bayan nan sai sulallan Ingila da kansu suka shigo, masu kan Sarauniya Biktoriya da na Sarki Edward na Bakwai. Suka yi ta kwarara zuwa Afirka ta Yamma har abin ya dami hukuma a Landan, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, ta fara fitar da nata sulallan azurfa a 1913: taro (kwabo uku), sisi (kwabo shida), sule da fataka (sule biyu), wadda wasu ke cewa dala. Wannan ya zo daidai da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da buɗewar cinikin gyaɗa, shi ya sa suka bazu har ƙauyuka. Zamaninsu gajere ne. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 925 cikin dubu. A watan Fabrairun 1920 farashin azurfa a Landan ya haura kwabo 89 kowace oza (giram 31.1), alhali lissafin buga kuɗi a kan kwabo 66 yake, wato ƙarfen da ke cikin sule ya fi sulen tsada. Sai aka rage azurfar zuwa rabi, kafin shekarar ta ƙare kuma aka koma tagulla gaba ɗaya.

A ɓangaren Nijar akwai dalar Faransa, wato faran 5 mai giram 25, azurfa kashi 900, da tamma, wato faran ɗaya, da 'yan'uwanta masu hoton mace tana watsa iri, azurfa kashi 835, waɗanda aka daina bugawa a 1920. Sai riyal na azurfa da alhazai suka riƙa dawowa da shi daga Makka, giram 11.66, kashi 917.

Ga kuma waɗanda ba azurfa ba ne ko kaɗan, duk da farinsu: kwabo mai huda, ɗari (rabin kwabo) da anini, sulallan Nijeriya na 1959, da duk sulen Ingila daga 1947 zuwa sama. Har yanzu akan ji jita-jitar wai tsohon kwabo mai huda miliyoyi yake yi. Zancen 'yan damfara ne. Kwabon abin tarawa ne mai daɗi, amma an buga shi da yawan gaske.

Mataki na biyu: zaɓi layi ɗaya

Kuskuren sabon shiga shi ne sayen duk abin da ya gani. Bayan shekara biyu sai ya tarar yana da cikin gwangwani na tarkace, babu jeri ɗaya da ya cika. Shawarata ga wanda ke Arewa ita ce ya fara da sulallan Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1920. Shekaru takwas ne, iri huɗu, gidajen bugu kaɗan. Jeri ne da mutum zai iya ganin ƙarshensa, kuma a nan suka yi rayuwarsu, don haka kana iya yin dace a gida da abin da mai tarawa a Turai sai ya jira gwanjo.

Samu littafin rubutu ka zana jadawali, shekaru a tsaye, taro da sisi da sule da fataka a kwance. Shiga shafin Numista a intanet, kyauta ne, ka kwafe kowace shekara da harafinta da adadin da aka buga. Wannan jadawalin shi ne jagoranka a kasuwa. Zai kuma nuna maka gurbin da babu shi tun asali: ba a buga sisi mai shekarar 1915 ba, saboda haka wanda ya miƙo maka shi ya gaya maka ko shi wane ne.

Mataki na uku: kayan aiki

Sikelin dijital mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da gwal. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na mai gyaran agogo. Maganaɗisu mai ƙarfi. Zare, da ƙaramin kofin roba. Duka ba su kai kuɗin fataka biyu masu kyau ba, kuma rana ɗaya za su fanshi kansu.

Mataki na huɗu: karanta shekara da harafi

Sulallan Afirka ta Yamma suna da kan Sarki George na Biyar da kambi a gaba. A bayan sule da fataka bishiyar kwakwa ce, shekarar ta rabu biyu, rabi a hagu rabi a dama. Taro da sisi kuwa lambar kuɗin ce a tsakiyar zoben ganye. Can ƙasa a gefen bayan za ka nemi ɗan harafin. Idan babu komai, bugun gidan sarauta ne na Landan. Idan H ne, bugun Heaton ne na Birmingham. KN kuma King's Norton ne, shi ma a Birmingham, amma a kan na tagulla za ka fi cin karo da shi. Sule na 1913 marar harafi da na 1913 mai H kuɗi biyu ne daban a wurin masu tarawa, kowanne da gurbinsa.

Yanzu ga inda farauta take. Taro na 1919 mai H an buga shi sama da miliyan 19, shi ya sa kusan kowane ƙulli ka kwance shi za ka gani. Taro na 1915 mai H kuwa bai kai 300,000 ba, haka ma na 1913 na Landan. A sisi, na 1916 da na 1913 masu H su ne ke wahalar da mutane. Ka lura ƙananan kuɗin ne suka fi wuya da lafiyarsu. Fataka ana ɓoye ta a tukunya, ta shekara ba a taɓa ba. Taro kuwa kullum yana hannu, daga mai ƙosai zuwa mai goro, har ya shafe.

Kada ka raina sulallan Ingila da ke gauraye a cikin ƙullin. Waɗanda aka buga a zamanin Edward na Bakwai, 1902 zuwa 1910, sun shigo nan da yawa, kuma a cikinsu akwai manyan shekaru. Sule na 1905 bai kai rabin miliyan ba. Sulalla guda mai darajar sule biyu da sisi na 1905 kuwa 166,008 kacal aka buga, na 1903 ma kaɗan ne. A zamanin da Ingila ke buga nata sulallan da rabin azurfa, fataka ta 1932 da sule biyu da sisi na 1930 su ne ake nema. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram ya riƙe waɗannan a ka: tamma ta 1900 ba ta kai 100,000 ba, ta 1903 ma tana da wuya, sai ta 1914 mai harafin C, wadda aka buga a garin Castelsarrasin lokacin da yaƙi ya sa aka kwashe aikin daga Faris.

Sai maganar 1780, wadda ta fi kowace yaudarar mutane. Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Sudan sun riga sun saba da dalarta, ba sa karɓar wata. Sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba canji, a Biyana, daga baya har a Rum, Landan, Faris, Burasels da Bombay, kuma gidan bugun Biyana bai daina ba har yau. Liyarin da ke hannunka mai 1780 yana iya zama ɗan shekara ɗari biyu, yana iya zama sa'an ɗanka. In ba ka ƙware a bambance bugun farko ba, saye shi a kan kuɗin azurfa da ɗan ƙari. Riyal na Saudiyya mai shekarar hijira 1354 ma haka yake, an yi shekaru ana buga shi da wannan lambar.

Mataki na biyar: tabbatar azurfa ce

Fara da maganaɗisu. Azurfa ba ta kamuwa, abin da ya manne ka mayar wa mai shi. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce, tagulla da darma ma ba sa mannewa.

Sai sikeli. Taro giram 1.41, sisi 2.83, sule 5.66, fataka 11.31. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, wannan ba komai. Wanda ya fi nauyinsa, ko wanda zanensa ke tsaye ƙyam amma ya yi ƙasa sosai, akwai magana.

Sai ƙara. Ɗora sulalla a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da fensir. Azurfa mai kyau tana yin amo siriri mai ja, jabun zubi kuwa ƙwas yake yi ya mutu. Tsofaffin 'yan canji da kunne suke aiki, su buga a dutse su saurara. Kai kada ka buga a dutse ko siminti, kowace faɗuwa tabo ce a baki.

Gwajin da ya fi duka shi ne na ruwa, musamman a kan na 1920, inda na azurfa da na tagulla zane ɗaya suke kuma nauyinsu kusan ɗaya, sai a shafa wa na tagulla ruwan azurfa a sayar. Auna sulallan a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure sulallan da zare, ka zura shi cikin ruwan ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofi ba, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba lambar farko da ta biyu. Azurfa mai kashi 925 za ta ba ka wajen 10.3, rabin azurfa wajen 9.6, tagulla da farin ƙarfe ƙasa da 9. A fataka ta gaske mai kashi 925 lambar cikin ruwa takan tsaya kusa da 1.09. Gwajin ya fi daidai a manyan sulalla, a taro lambar ta yi ƙanƙanta. Kada ka yarda a ɗiga ruwan batir ko a kankare baki da zarto don a nuna maka fari. Gwajin maƙera ne, ya dace da abin da za a narke.

Daga ƙarshe ɗauki gilashi. Jabun zubi yana da ƙuraje da ƙananan ramuka, haruffansa kumbure kamar an yi su da sabulu, wani lokaci da layin haɗi a baki. A liyari duba rubutun da ya zagaye bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Na gaske a fili yake, na jabu a dagule. A shekaru masu tsada kuma duba lambar ƙarshe da kyau. Na taɓa biyan kuɗin sule na 1905 a hannun wani dillali, da yamma, cikin rumfa mai duhu. Da safe na sa gilashi a rana sai ga kewayen lambar 5 a kwarkwance, an sassaƙe ta ne daga wata lamba. Azurfar gaske ce, sulen gaske ne, shekarar ce ta ƙarya. Tun daga ranar ba na sayen shekara mai wuya sai da hasken rana.

Mataki na shida: auna lafiyar jiki

Nan ne kuɗi yake, nan ne kuma mutane suka fi ruɗin kansu, don kowa nasa yake gani da kyau. Dillalan waje suna rubuta matakai da haruffa, kuma dole ka san su in za ka kwatanta farashi. F shi ne wanda ya sha hannu amma komai na karantuwa. VF ya ɗan goge a wurare masu tudu. EF sai ka sa gilashi za ka ga gugar, kuma akwai sauran ƙyallin gidan bugu a tsakanin haruffa. UNC bai taɓa shiga kasuwa ba. Kamfanonin Amurka irin su NGC da PCGS da lamba suke aiki, daga 1 zuwa 70, su rufe sulalla a cikin roba mai hatimi.

Kowane zane yana da wurin da yake fara cinyewa. A kan George na Biyar, duba ɗaurin kambin da ke goshinsa. Idan duwatsun adon suna rarrabe, kana wajen VF ko sama. Idan sun narke sun zama layi ɗaya, F ne ko ƙasa. Sai gemu da kunne. A baya kuma, ganyen kwakwa: ana ƙirga tsagensa ko ya zama faifai? A kan Edward, gashin saman kunne ne ke fara tafiya. A liyari, maɓallin ado na kafaɗa da ƙwallayen da ke kewaye da shi. 'Yan kasuwar da can ma da babban yatsa suke shafa wurin, in ya shafe su ƙi karɓa.

Matsalarmu a nan ba gugar hannu ba ce kaɗai. Sulallan azurfa kayan ado ne a wurin matan Fulani da Barebari da Shuwa, ana huda su a jera a kitso, ko a liƙa musu kunne a rataya a wuya. Akwai kuma wanda aka toshe hudarsa aka goge, ko aka cire kunnen aka bar tabon wuta a saman kan sarki. Juya kowane sulalla ka bi bakinsa kaf, ka fi tsayawa a saman kai. Mai huda, a shekara ta gama-gari, kuɗin azurfa ne kawai. A shekara mai wuya yana iya riƙe maka gurbi in ya zo da araha, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ranar sayarwa kada ka yi fushi. Ni dai ina ajiye masu huda a jeri na daban. Suna da nasu tarihin, wani ya yi shekara hamsin a kan amarya da 'yarta da jikarta.

Ga sabon mai tarawa, VF mai tsabta, ba huda, ba guga, shi ne abin nema. Guda ɗaya irinsa ya fi goma shafaffu.

Mataki na bakwai: inda ake samu da yadda ake ciniki

Fara da gida, ka tambayi gwaggo da inna kafin ka je kasuwa. Sannan maƙeran fari. Wannan ita ce hanyar da ta fi ba ni riba, kuma ba a rana ɗaya take buɗewa ba. Ka saba da mutum, ka riƙa gaishe shi, ka ce, “Baba, in an kawo tsofaffin sulalla, don Allah kafin a sa a wuta a bari in gani, zan ɗora a kan abin da aka saya.” Ka cika alkawari ko da ba ka sami abin kirki ba a karon farko, ka sayi ɗaya ko biyu. Shi bai yi asara ba, kai kuma ka tsamo abin da da ya zama zobe. Masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi suna da kaya, amma sun saba da baƙi, farashin farko na baƙo ne, kuma jabun liyari ya fi yawa a irin wuraren nan.

Kafin ka taya, san kuɗin ƙarfen. Duba farashin oza ta azurfa na ranar. Oza giram 31.1 ce. Fataka mai kashi 925 tana ɗauke da tsantsar azurfa giram 10.46, kusan sulusin oza. Liyari giram 23.4, kashi uku cikin huɗu na oza. Dalar Faransa giram 22.5. Wannan shi ne gindin farashi. Duk abin da ka ɗora a kai, kuɗin shekara da lafiya ne, kuma sai jadawalinka ya ba ka hujja.

In an kawo tari, taya shi gaba ɗaya, kada ka zaro guda ɗaya kana jujjuyawa idonka na ƙyalli. Wannan tsakaninka da dillali ne, wanda ya san kasuwa. Amma tsohuwar da ta kwance ƙullin mijinta don sayen magani, in ka ga 1905 a ciki, gaya mata ka biya ta abin da ya dace.

A intanet kuwa, nemi hoton gaba da baya da baki, da hoton sulallan a kan sikeli. Farashin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda aka riga aka sayar, ba wanda wani ya rubuta yana jira ba. Shekara mai tsada daga waje, in ba a cikin robar NGC ko PCGS take ba, bar ta. In tana ciki, shigar da lambar hatimin a shafinsu ka ga ko hoton ya yi daidai, don robar ma ana yin jabunta.

Mataki na takwas: kada ka wanke

Toka, lemon tsami, man goge baki, Brasso, soson ƙarfe, duk suna sa sulalla ya yi fari tas, kuma duk suna kashe shi. Baƙin da ke jikin tsohuwar azurfa shaida ce ta shekaru, masu saye suna son ganinsa. Goge shi yana barin dubban ƙananan zane da gilashi ke nunawa nan take, farashi kuma ya faɗi, ba ya dawowa. In akwai ƙasa ko maiƙo, jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka dangwala da auduga ba tare da gogawa ba. Riƙo kuma ta baki ake yi, gumin yatsa yana barin tambari.

Wajen ajiya, kowanne da 'yar ambulan ɗinsa ta takarda ko gidansa na roba mai tauri. Leda mai laushi tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa. Da damina sa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, yashi ne mai laushi, in ta hau ka hure ta, kada ka share da hannun riga. A bayan kowace ambulan rubuta shekara, harafi, nauyi, inda ka saya da nawa.

Abu biyu da ake mantawa

Tarin azurfa dukiya ce, kuma nisabin zakkarta dirhami 200 ne, wajen giram 595. Liyari 26 ko fataka 57 sun kai ka wurin. In tarinka ya doshi haka, je wurin malami da lissafin nauyinka a rubuce, ka kuma tambaye shi hukuncin sayen azurfa da kuɗi a kan bashi, don asalin cinikinta hannu da hannu ne.

Sai doka. A Nijeriya, abin da aka haƙo daga ƙasa yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa bisa dokar 1979, kuma fitar da kayan tarihi waje sai da izininta. In manomi ya ci karo da tukunyar sulalla a gona, a sanar da gidan tarihi mafi kusa kafin a rarraba, a kuma ɗauki hoton tarin yadda yake, don shekarar ƙarshe da ke cikin tukunya ita ce ke nuna cewa ba a binne ta kafin wannan shekarar ba. In kuma za ka aika wani sulalla waje don a sa masa hatimi ko a sayar, fara zuwa ofishinsu ka karɓi takarda kafin ka kai shi wurin masu aika kaya.